Baƙin Dasashi: Aibi Ne Ko Ado?

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Artisan ta Inugu, inda 'yan'uwanmu fataken Arewa ke sauke awaki da tumaki, ya san cewa gwanin ciniki ba ya taya rago sai ya buɗe bakinsa. Haƙora su gaya masa shekaru, dasashi ya gaya masa lafiya, domin dabbar da dasashinta ya koɗe, jini ne ya yi mata ƙaranci. Wato ko a wurin dabba, baki shaida ne. To, mene ne hukuncin ɗan'adam da ya biya kuɗi don a kankare launin nasa dasashin?

A yau akwai likitocin haƙori da ke wannan aiki, ana kuma tallarsa ga matasanmu ta wayoyin hannu. Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Duhun dasashi a wurin akasarin baƙar fata daga sinadarin melanin yake, wanda shi ne ya rina fatar jikinmu. Wannan ba cuta ba ce. Likita yakan kashe wurin da allura, sannan ya ɗaye fatar sama da wuƙar tiyata, ko ya goge ta da na'ura, ko ya ƙone ta da hasken leza. A hannun ƙwararre, wurin yakan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. A hannun ɗan koyo kuwa, ana iya cin dasashin har ya janye ya bar saiwar haƙori a waje, ko zafin na'ura ya taɓa ƙashi, ko miki ya ruɓe. Daɗin daɗawa, launin yakan dawo bayan watanni ko shekaru, saboda ƙwayoyin da ke samar da shi ba su ƙarewa.

Wani hatsarin ya fi wannan ɓoyuwa. Ba kowane duhu ne na halitta ba. Shan taba yana baƙanta dasashi, haka wasu magunguna irin su kulorokwin idan an daɗe ana sha. Gubar dalma, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, takan bar shuɗin layi a gindin haƙora. Baƙin tabon da ya fito kwatsam yana faɗi kuma yana iya zama farkon ciwon daji. Wanda ya goge irin wannan ba tare da bincike ba, ya kori ɗan aiken da ya zo yi masa gargaɗi.

Sai dai a ce duk an kiyaye waɗannan, likita mai rajista ne, aiki ya yi kyau. Shin magana ta ƙare? Mai ra'ayin 'yanci zai ce jikinsa ne, kuɗinsa ne, kuma ɗan'adam bai taɓa barin bakinsa yadda yake ba. Yana da hujja. Kakanninmu mata sun rina haƙora da fure da goro, alhazanmu sun dawo da haƙorin Makka, matan Fulani a Mali da Sanagal kuwa har tsatstsaga dasashi suke da allura su cusa baƙin toka, don farin haƙori ya ƙara fitowa. Ga abin mamaki: abin da wata ta jure zafi don ta samu, shi wata ke jure zafi don ta rabu da shi. Malamanmu kuma ba su ware tsohuwar al'ada daga sabuwa ba, suna rarrabe gyaran lahani, wanda suka halatta, da sauya halitta don ƙawa kawai, wanda suka yi gargaɗi a kansa.

A nan ne muke ganin gizo ke saƙar. Ado yana ƙari ne a kan abin da mutum ya yarda da shi. Kankarewa kuwa tana farawa ne da amincewa cewa abin da aka haife mu da shi aibi ne. Wa ya faɗa mana haka? Shi ne dai wanda ya sayar mana da man bilicin, har hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Zaɓin da raina kai ya haifa, da wuya a kira shi 'yanci.

Mu kuma waiwaya Sakkwato, inda tun 1999 ake da asibitin yara masu cutar noma, wadda ke somawa da kumburin dasashi ta ƙare da zaizaye fuska, a tsakanin 'ya'yan talakawa masu fama da yunwa. A ƙasar da likitocin haƙori suka yi ƙaranci, wane dasashi ne ya fi cancantar hannun likita?

Ba mu ce a tsangwami wanda ya yi ba, domin ba mu san irin gorin da ya sha ba. Shawararmu ga ɗalibai ita ce, wanda dasashinsa ya sauya launi, ko yake jini, ya garzaya asibiti a duba. Wanda kuwa haka ya tashi ya ga nasa, ya yi murmushinsa a sake, kada garin gyaran gira a rasa ido.