FILINKA NE, AMMA INA RUWAN ZA SHI?



'Yan'uwa, wani bawan Allah ya tare ni bayan La'asar nan Bukkuyum da tambaya. Ya sayi fili a bakin fadama, da takarda da shaidu, yana son ya zuba ƙasa ya cike wurin ya yi gini. Ya ce: "Malam, ai halal ɗina ne, ko akwai laifi?" Na ce masa: Alhaji, cinikinka ya inganta. Saura tambaya ɗaya: ruwan da ke kwana wurin duk damina, ina za shi?

Fadama da kududdufi ba wofi ba ne. Su ke riƙe ruwan Agusta, su sake shi a hankali. Daga nan rijiyoyinmu ke samun ruwa, nan dabbobi ke sha, nan ake noman rani. In ka cike wurin, ruwan ba ya ɓacewa. Gangarawa zai yi gidan wanda ya fi ka ƙasa, kuma galibi mai ginin laka ne wanda ba ya da kuɗin siminti.

Mun ga abin da ya faru a Gummi cikin Agustan 2024, yadda ambaliya ta rushe gidaje, dubban mutane suka rasa matsuguni. Ruwan sama ya yi yawa, gulbi ya cika, wannan gaskiya ne. To amma a irin wannan rana, duk wani kwari da aka bar wa ruwa rahama ne ga gari.

Mutanen bakin teku ma da wannan suke fama, nasu har ya fi namu. Daga 1900 zuwa yau teku ya ƙaru da kusan santimita 20, saboda ɗumamar duniya na narkar da ƙanƙara. A Legas, unguwanni da yawa na yankin Lekki fadamu ne aka cike da yashi aka gina. Yau in an yi ruwa mai ƙarfi, motoci har nutsewa suke a titi. Su ga ruwan sama ga teku, mu ruwan sama da gulbi, amma ɗabi'ar ɗaya ce: kowa ya kare nasa, ya tura wa na ƙasa.

Kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin cewa abin da mutum ya yi cikin mulkinsa yana iya kashe ɗan maƙwabci. A 2010, a 'Yargalma, Dareta, Bagega da wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, mutane cikin gidajensu suke niƙa dutsen zinare, su wanke a tafkuna. Gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Waɗancan bayin Allah ba su san akwai guba ba. Mu kuwa mun san inda ruwa ke bi, to wane uzuri gare mu?

Wani zai ce ai ambaliya ƙaddara ce. Na'am, komai da ƙaddara yake. Amma wanda ya toshe hanyar ruwa da hannunsa ba zai fake da ƙaddara ba, kamar yadda wanda ya haƙa rami a kan hanya ba zai ce ƙaddara ta karya ƙafar makaho ba. Ƙa'ida ce sananniya wurin malaman fiƙihu cewa ana gusar da cuta, kuma mallaka ba ta halatta cutar da maƙwabci.

Wani kuma zai ce talaka ne, nan kaɗai ya samu da araha. Wannan uzuri ne mai nauyi. Shi ya sa babban alhaki yana kan wanda ya yanka wurin ya sayar, da wanda ya sa hannu. Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza don amfanin jama'a. Kakanninmu ma sun san hurumi da burtali da mashaya, ba mai taɓa su. Hakimai da masu unguwanni da dillalan filaye, ku ji tsoron Allah, ku mayar da hanyoyin ruwa hurumi.

Shi mai tambayata na ba shi shawara ya yi lambu a wurin, ya nemi tudu ya yi gini. Kai ma kafin tifa ta farko ta sauke ƙasa, ka je ka tsaya ƙofar gidan da ke ƙasa da kai, ka dubi yaran da ke ciki.

Allah Ya tsare mu da ɗaukar haƙƙin wani, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Wallahu a'alam.