Ina Za Ka Sauke Iyalinka?

Karatu: Farawa 13:5-13

Ɗan'uwa, a ce aiki ya kai ka yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir har tsakiyar rani. Ina za ka sauke iyalinka: kusa da gona, ko cikin gari kamar Dawakin Kudu, kana jeka-ka-dawo?

Lutu ma ya sha irin wannan zaɓi. Ya hangi kwarin Urdun shar da ruwa, ya ɗauka. Ruwan ba laifi ba ne, baiwar Allah ce. Kuskurensa shi ne ya auna wurin da cikin garkensa, bai auna shi da makomar 'ya'yansa ba.

Zama kusa da gona zai rage maka kuɗin mota, ka kuma dawo gida da wuri. Amma yaran da ke wanka a hanyoyin ruwan nan sukan kamu da tsargiya. Ina makaranta? Ina asibiti? Ina masu bi da za ku yi sujada tare? Ka shawarci matarka, gama ita za ta riƙa wuni a gidan.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka zaɓar mana mazauni, cikin sunan Yesu. Amin.