Ko a Cikin Gosulo, Tafiya Muke Yi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa maƙalewa a gosulon Mararaba zuwa Nyanya ya san ɓacin rai: awa guda mota ba ta gusa ba. To, a cikin wannan awar, ƙasar da muke kanta ta juya da mu kimanin kilomita 1,650. Juyin nan ne yake kawo mana Asuba, Azahar da Magariba. Tana kuma zagaya rana da gudun kilomita 30 a sakan ɗaya. Da wannan gudun, daga nan zuwa Kano ba zai kai sakan 20 ba.

Ranar ma ba a tsaye take ba. Mun tuna farin hazon nan da yake ratsa sama da daddare a ƙauyukanmu? Garken taurari ne, biliyoyi, ranarmu ɗaya ce a cikinsu. Tana ɗauke da mu tana kewaya tsakiyar garken da gudun sama da kilomita 200 a sakan, zagaye ɗaya kimanin shekara miliyan 230. Garken kansa tafiya yake, shi da maƙwabcinsa Andiromeda suna matsowa kusa da juna. Duk wannan gudun, ko kofin mai shayi bai tuntsure ba. Subhanallahi! Mu koma Suratu Yasin da Suratul Anbiya mu ga yadda aka ambaci tafiyar rana da wata.

Ga inda maganar ta shafe mu. Tunda rana tana gaba da mu, ƙasa ba ta komawa gurbin da ta baro bara. Amma mu kullum "sai na koma gida" muke cewa: sai na koma gida zan riƙe jam'i, zan biya bashin nan, zan sa yara Islamiyya. Nawa ne muka zo cirani tare, ƙarshe a maƙabartar garin nan muka kai su?

Saboda haka in an kira La'asar, a rufe tiren tumatir, a ja ƙyauren shago. Mai bashi ya biya yau. A kira iyaye a gida yau.

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya albarkaci kasuwanninmu, Ya shirya mana zuri'a. Amin.