Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsokaci Kan Ilimi Da Goben Ɗalibi A Mubi

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karin magana shi ne hujjar uban da ya sayar da sa ko buhun masara domin ya biya wa ɗansa kuɗin rajista, kuma shi malami ke nufi idan ya tsaya gaban aji yana cewa a dage, wahalar yau ita ce jin daɗin gobe. A bisa wannan fahimta, makaranta wurin fafe gora ce. Sai dai karin maganar ya ɗauka cewa matafiyi ya san ranar da zai tashi, ya san inda ya dosa, ya kuma san nisan da ke tsakanin rijiya da rijiya a kan hanya. To, yaya ke nan idan tafiyar ta zo da tsakar dare ba sallama, ta kuma nufi hanyar da ba wanda ya taɓa ambata a aji? Wannan ita ce tambayar da nake so mu yi nazari a kanta, kuma babu garin da ya fi Mubi cancantar a yi ta a cikinsa.

Mubi gari ne da ya saba da sauyin gobe tun kafin a haifi iyayen ɗaliban yau. Mutumin da aka haifa a can a 1910, a ƙarƙashin mulkin Jamus ya buɗe ido. Bayan Yaƙin Duniya na Farko sai yankin ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, ’yan’uwansa da ke bayan duwatsun Mandara kuma suka faɗa hannun Faransa. A watan Fabrairun 1961 aka ba shi ƙuri’a ya zaɓi Nijeriya ko Kamaru, aka zaɓi Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. A 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa Maso Gabas, a 1976 ɗan Gongola, idan ya yi tsawon rai kuma a 1991 ɗan Adamawa. Duk wannan ya same shi ne ba tare da ya bar ƙofar gidan ubansa ba. A wannan gari ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, take, haka kuma Jami’ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, da Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya.

Zaman ɗalibi a Mubi bai bambanta da na takwaransa a Zariya ko Sakkwato ba. Ɗaki guda mutum uku ko huɗu, risho ɗaya, tukunya ɗaya, garin kwaki idan wata ya yi nisa, da jiran saƙo daga gida. Wani daga Michika, wani daga Hong, wani daga Borno, wani ma daga can kudancin ƙasar. Abin da ke sa a jure wa wannan zama shi ne wani tsani da kowa ya zana a ransa: semesta ta bi semesta, a rubuta jarrabawar ƙarshe, a tafi bautar ƙasa, a sami aiki, a yi aure, a rama wa iyaye. An taɓa yin zamanin da wannan tsani gaskiya ne. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika baitulmali, ma’aikatu ke neman mai digiri, ba shi ke nemansu ba. Tun daga tsuke bakin aljihun da aka fara a 1986 matakan tsanin suka soma ruɓewa, amma har yanzu da wuya ka ji malami ya faɗa wa ɗan aji ɗaya hakan. Ana ta ba shi taswirar garin da aka riga aka rushe.

A Mubi kuwa rashin tabbas bai tsaya ga rashin aiki ba. A daren 1 ga Oktoba, 2012, daren bikin ’yancin kai, wasu mahara suka shiga unguwar Wuro Fatuji inda ɗalibai da yawa ke haya, suna bi ɗaki ɗaki. ’Yan sanda sun ce an kashe mutum 25, mazauna garin suka ce adadin ya haura 40, kuma akasarinsu ɗalibai ne. Shekara biyu bayan haka, ranar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka kama garin baki ɗaya, har suka sauya masa suna. Jama’a suka watse. Wasu suka hau duwatsu suka tsallaka Kamaru, wasu suka kutsa daji a ƙafa suna neman hanyar Yola, wadda ke da nisan kilomita wajen 200. Sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da mafarauta da ’yan banga suka ƙwato garin.

A nan nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Mu ɗauka ga wata ɗaliba ’yar ajin ƙarshe a wannan safiya. Littattafanta na kan tabarma, kundin bincikenta da ta yi wata shida tana rubutawa yana cikin akwati, takardun shaidarta na sakandare suna ƙarƙashin katifa. Ta fita da abin da ke jikinta. Daga cikin duk abin da makaranta ta ba ta a shekara uku ko huɗu, me ya bi ta cikin daji? Amsar wannan tambaya, a ganina, ita ce ma’aunin ilimi na haƙiƙa, domin abin da ya rage a ɗaki ajiya ce kawai aka ba ta.

Malamanmu na zaure suna ba da wani labari game da Imam Gazali, cewa yana matashi ya taso daga Jurjan zai koma garinsu Ɗus, sai ’yan fashi suka tare ayarinsu suka ƙwace kayansa, har da jakar da ya tara rubuce-rubucen karatunsa. Ya bi su yana roƙo a mayar masa da ita domin iliminsa ne a ciki. Shugaban ’yan fashin ya yi masa dariya, ya tambaye shi wane irin ilimi ne wannan da ɗauke jaka ɗaya ke raba mutum da shi. An ce ya karɓi jakarsa, ya koma gida ya yi shekara uku yana haddace abin da ke cikinta.

Labarin yana da daɗi, amma akwai tarko a cikinsa. Wanda ya yi gaggawa zai ce ashe magani shi ne hadda. Alhali kuwa hadda ba ita muka rasa ba. Ɗalibinmu gwani ne wajen haddace takardun laccar malami mako biyu kafin jarrabawa, ya zuba su a takarda kamar yadda aka ba shi, ya fito ya karkaɗe kansa. Irin wannan ilimi ba ya ma jiran ɗan fashi, da kansa yake tafiya. Abin da Gazali ya gane ya wuce hadda: ilimi ba ya zama naka sai ya sauya yadda kake duban al’amura. Wadda ta karanci kiwon lafiya, idan ta gane dalilin da ke sa ruwan kududdufi kashe yaro, za ta tafasa shi a sansanin gudun hijira ko ba wanda ya sa ta, ta kuma iya shawo kan tsohuwar da ke ganin ɓarnar itace ce. Wanda ya karanci lissafin kuɗi, idan ya gane ma’anarsa, zai iya raba buhu goma ga iyali ɗari a rubuce, ba tare da an yi rigima ko an zarge shi ba. Wanda ya saba tambayar “wa ya faɗa, kuma ina hujjarsa?” shi ne zai iya tantance jita-jita a ranar da jita-jita ke iya tura mutum hanyar da zai halaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake rubutawa a jikin satifiket.

Amma ina jin tsoron wata magana da ke yawan biyo bayan irin wannan bayani, wato a ce ai wahala ma makaranta ce, ɗaliban Mubi sun fito da juriyar da ba a koyarwa a aji. Wannan magana tana da daɗi a bakin wanda ’ya’yansa ke karatu a Ingila. Waɗanda aka kashe a Wuro Fatuji ba su koyi komai daga wannan dare ba. Da yawa daga waɗanda suka tsira ba su koma aji ba, wasu don iyaye sun hana, wasu don gonar da ake biyan kuɗin makaranta da ita ta salwanta. Makaranta ba ta da bindiga, tsare ran ɗalibi nauyi ne a wuyan hukuma. Haka nan akwai rashin tabbas ɗin da mu muka ƙera da hannunmu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami’o’i ta ASUU ya ci wajen wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba daidai ba ne a haƙa wa yaro rami, sa’an nan a yaba masa don ya iya tsalle. Saboda haka idan na ce makaranta ta shirya ɗalibi ga goben da ba a sani ba, ban sauke wa kowa nauyin gyara goben ba.

Hukumomin ilimi sun lura da matsalar ta wani ɓangare. Tun a tsakiyar shekarun 2000 aka wajabta darasin koyon sana’a da dogaro da kai a manyan makarantu. Niyya ce mai kyau. Sai dai a wurare da dama darasin ya zama wani abin hadda, a rubuta ma’anar kasuwanci a allo, a yi jarrabawa, a ci, a manta. Da za a bi ta tawa, da an kai ɗaliban kasuwar shanu ta Mubi sun wuni. Yaron dillali a can yana koyon abin da aji ke ɓoyewa. Tun ranar farko ya san sa kan mutu a hanyar kudu, ya san farashi kan faɗi tsakanin safe da la’asar, ya san canjin sefa da naira kan cinye ribar mako. Ubangidansa bai taɓa yi masa alkawarin riba ba, abin da yake koya masa shi ne yadda ake duban dabba, yadda ake duban mutum, da yadda ake tashi bayan asara. Ba ina cewa kasuwa ta fi jami’a ba, domin yaron dillali ba zai iya gano cutar da ta kashe san ba sai ya nemi likitan dabbobi. Abin da nake cewa shi ne kasuwa ta fi mu gaskiya ga almajirinta. Mu a aji kowace tambaya tana da amsa guda wadda ke aljihun malami, kuskure kuma abin kunya ne da ake hukuntawa da jan biro. Wanda aka rena a haka shekara goma sha shida, ranar da ya gamu da tambayar da ba ta cikin manhaja sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Akwai kuma abu guda game da daren 2012 da ya kamata ya hana duk wani malami barci. Rahotanni sun nuna cewa maharan suna kiran mutane da sunayensu kafin su kashe su. Wasu sun danganta harin da Boko Haram, wasu kuma da rikicin zaɓen ƙungiyar ɗalibai da aka yi kwanaki kaɗan kafin nan. Ko ma wane ne, suna ba ya zuwa bakin baƙo sai ta hanyar wanda ya san mai shi. Ke nan sanin mutum, wanda shi ne babbar ribar zaman makaranta, yana iya zama makami. Ɗaliban da suka ci a kwano ɗaya, Musulmi da Kirista, Bafali da Bamargi da Bafulatani, sun riƙe sirrin juna: wa ke kwana a wane ɗaki, wa ke da kuɗi, wa ke tsoron me. Abin da zai sa wannan sani ya zama garkuwa ko ya zama wuƙa shi ne hali, kuma hali ba ya cikin kwasa-kwasan da ake ba maki. Ana koyonsa ne daga abin da ɗalibi ke gani: ko malami na sayar da maki, ko ana murɗe zaɓen ’yan aji a yi shiru, ko ana fifita ɗan gari a kan baƙo. Makarantar da ta bar waɗannan ta riga ta koyar da darasinta, ko da kuwa an rubuta “ilimi da tarbiyya” a ƙofarta. Ta ɗaya ɓangaren, lokacin da ’yan gudun hijira suka cika Yola a ƙarshen 2014, ma’aikata da ɗaliban Jami’ar Amurka ta Nijeriya sun haɗa kai da limamai da fastoci da sauran shugabannin al’umma suna raba abinci ga dubban mutane. Wannan haɗin kai ba a ranar aka ƙulla shi ba, an fara shi tun a 2012. Ga gorar da aka fafe kafin ranar tafiya, ba tare da an san ranar ba.

Wani zai ce duk wannan dogon zance ne, ai gobe ta Allah ce. Haka ne. Amma manomin Maiha da ya fi kowa faɗin haka, shi ne kuma ke shuka dawa da wake da gyaɗa a gona guda, domin idan damina ta yi gardama ɗaya ya tsira. Bai san abin da sama za ta yi ba, saboda haka bai ɗora ransa kan iri guda ba. Ɗalibin da bai iya komai ba sai jiran takardar ɗaukar aiki, iri ɗaya ya shuka.

Waɗanda suka gudu daga Mubi a 2014 suna ’yan shekara ashirin da ɗoriya, yanzu sun haura talatin. Wasu malamai ne, wasu ’yan kasuwa, wasu ma’aikatan jinya, wasu har yau suna neman abin yi. Su kaɗai ke da amsar tambayar da na yi game da abin da ya bi ɗalibi cikin daji da abin da ya rage a ɗaki. Mu a sassan Hausa muna tura ɗalibanmu ƙauyuka da rikoda su ɗauko tatsuniyoyi da waƙoƙin daka daga bakin tsofaffi, kuma aiki ne mai kyau. Ina ganin lokaci ya yi da za a tura wasu daga cikinsu wajen waɗannan tsofaffin ɗalibai, a zauna da su, a tambaye su da Hausa ko Fulatanci ko harshen da suka fi sakewa da shi, wane darasi ne ya yi musu rana a tsakanin Mubi da Yola, wanne ne kuma ba su sake tunawa da shi ba.