Laifin Wa In Yaro Ya Ji Rauni A Wurin Aiki?

In zarton inji ya datse yatsun yaron kafinta, abin da a kan ji a bakin mutane shi ne, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Maganan nan ta kan sanyaya zuciya, amma ba ta warware al'amarin ba. Gama akwai abin da ya fi ƙarfin mutum, akwai kuwa abin da ya ke hannunsa. Wajibi ne a rarrabe su, domin kada a jingina wa ƙaddara abin da sakaci ya jawo.

Kowane kayan aiki da irin halinsa. Gizagon da ya dakushe ya fi mai kaifi haɗari, domin sai an sa ƙarfi, kuma ya kan goce ya sari ƙafa. Gudumar da ƙotarta ta yi sako-sako, wata rana kanta zai fita. Na wutar lantarki kuwa sun fi waɗannan saurin ɓarna. Ƙaramin injin gurza ƙarfe ya kan juya sau 10,000 ko fiye a minti guda, in dutsensa yana da tsaga sai ya tarwatse. Bel ɗin injin niƙa ya kan kama hannun babbar riga ya fizgi mai ita. Duk wannan sananne ne ga wanda ya daɗe a sana'a. Baƙon yaro kaɗai ne bai sani ba.

To, ashe nauyi na fari yana kan maigida. Wanda ya san inda rami ya ke, ya ga makaho ya nufe shi, ya yi shiru, ba shi da bakin cewa ba shi ya tura shi ba. Uban da ya kawo ɗansa koyon sana'a amana ya kawo. Saboda haka kafin a miƙa wa yaro inji, sai a nuna masa yadda a ke kashe shi, a koya masa zare waya daga bango kafin ya canja zarto, ya sa tabarau na kare ido, kada kuma ya taɓa kayan lantarki da jiƙaƙƙen hannu. Sa'an nan a tsaya a kansa har hannunsa ya faɗa.

Hukuma ma haka ta gani. A Ingila, dokar masana'antu ta 1844 ta ce lalle a kange injuna masu haɗari. A Nijeriya, ta 1987 ta hana a sa mutum aiki da inji mai haɗari sai an sanar da shi haɗarinsa, an kuma koya masa ko an sa mai lura da shi. Ta 2010 kuwa ta tanadi diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni. Amma diyya ba ta mai da yatsa.

Wani zai ce koyarwa tana cin lokaci, masu kaya kuwa suna jira. Gaskiya ne. Sai dai sa'a guda ta koyarwa ba ta kai watannin jinya ba, balle nakasa ta har abada.

Shi ma yaro da nasa rabon. In an koya masa, ya cire marfin inji don sauri, ko ya ƙi tabarau don kada tsaransa su ce matsoraci ne, ya zalunci kansa da waɗanda za su ci abinci daga hannunsa nan gaba. Ƙwararre ma ba ya tsira in sabo ya sa ya raina inji.

Wanda ya koyar, wanda aka koya wa ya kiyaye, in duk da haka abu ya auku, to, wannan shi ne tsautsayi, sai haƙuri. Amma kafin maigida ya kira sunan ƙaddara, ya kamata ya tambayi zuciyarsa ko akwai abin da ya sani bai faɗa ba.