Shugabanci Ba Rawani: Darasi Daga Hannatu Penn

Wane ne shugaba na gaske, wanda aka naɗa wa rawani, ko wanda ya ɗauki kayan jama'a sa'ad da mai rawani ya kasa? Labarin Hannatu Penn ya isa a tsaya a yi tunani a kan wannan tambaya.

An haifi Hannatu a Biristol ta ƙasar Ingila a 1671. Iyayenta 'yan ƙungiyar Abokai ne, waɗanda ake kira Kweka. A wancan zamani su masu bi ne da ba sa naɗa fasto. Sukan zauna shiru cikin sujada, wanda Ruhu ya motsa kuwa sai ya tashi ya yi magana, ko namiji ko mace. A 1696 ta auri Wiliyam Penn, wanda sarkin Ingila ya ba ƙasar Fensilbaniya a Amurka a 1681.

A 1712 ciwon shanyewar jiki ya kama Wiliyam, hankalinsa ya raunana. Ƙasar tana jingine saboda bashi, ga kuma rikicin iyaka da maƙwabciyarta Marilan. Ba wanda ya naɗa Hannatu gwamna. Amma daga Ingila, tana jinyar miji, ta shiga aika wasiƙu a ƙetaren teku zuwa ga wakilinsu James Logan. Ta yi ta rage bashin, ta sa hannu aka sauke gwamna aka naɗa wani a 1717. Mijinta ya rasu a 1718, ita kuwa ta riƙe ragama har mutuwarta a 1726, shekara 14 ke nan.

Wani zai ce mulki ba aikin mace ba ne. Amma Littafin Mahukunta ya nuna Debora tana yi wa Isra'ila shari'a, Bulus kuma ya yabi Fibi, ma'aikaciyar ikkilisiya. In gida ya kama wuta, ba a tambayar ko hannun da ya ɗebo ruwa na mace ne.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Hannatu amana ta riƙe, ko gadon 'ya'yanta take tsaro? Ɗan mijinta na uwargida ya ƙi yarda da wasiyyar mahaifinsa, aka yi ta shari'a har 1727, bayan rasuwarta, sannan wasiyyar ta tabbata, ƙasar ta zama ta 'ya'yanta. Lalle tana da nata rabo a ciki. Amma samun rabo ba shi ne cin amana ba. Makiyayin da ke shan nonon garke bai yi laifi ba, muddin yana kai shanu ruwa. Ma'aunin shi ne, ƙasar ta lalace a hannunta ko ta tsaya? Ta tsaya.

Duk da haka albasa ba ta yi halin ruwa ba. A 1737 'ya'yan nan suka yaudari 'yan asalin ƙasar, mutanen Lenafe. An shirya a kan ƙasar da mutum zai taka cikin kwana ɗaya da rabi, sai suka share hanya, suka yi hayar masu gudu, suka kwashe ƙasa mai yawa. Uwar ba ta da rawani, ta riƙe amana. 'Ya'yan suna da takarda da hatimi, suka ci amana.

Ashe ana gadon ƙasa, amma ba a gadon aminci. Kowane mutum sai ya koye shi da kansa a gaban Allah. A cikin ikkilisiyoyi da yawa akwai matan da ke ɗauke da gida da aikin Ubangiji ba tare da muƙami ba. Ya kamata a san darajarsu tun suna da rai. Mai muƙami kuma ya tuna, a ranar lissafi ba rawaninsa za a duba ba, sai abin da ya yi da abin da aka danƙa masa.