Littattafan Magabata: Gado Ne Ko Amana?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da ɗan Adam rubutu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, a gidajen malamai da dama daga Gazawa zuwa Age, har Gidan Rumji da Tibiri, akan sami adaka ko gafaka mai ɗauke da littattafan da kakanni suka kwafa da hannunsu: Ahalari, Iziyya, Risala, Ishiriniya, da waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Idan malami ya rasu sai tambaya ta taso: shin waɗannan littattafai dukiya ce ta magada kamar gona da tumaki, ko kuwa amana ce ta al'umma?

A shari'a babu gardama, takarda dukiya ce, ana kuwa gadonta. Amma littafin hannu na ƙasarmu ba a ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a jere cikin fata. Idan aka raba gona uku, kowa ya sami wurin shuka. Idan aka raba Risala uku, ba wanda ya sami Risala. Haka kuma fassarar da malam ya yi da ajami a gefen shafi, da sunan wanda ya karanta a wurinsa, ba su da kwafi na biyu a duniya. Ranar da gara ta ci su, ko rufin soro ya yi yoyo a kansu, sun tafi ke nan. Saboda haka magaji ya mallaki takardar, amma ilimin da ke cikinta ajiya ce a wuyansa, kuma malamai sun tsananta gargaɗi a kan ɓoye ilimi.

To, wani zai ce mafita ita ce a kai su ma'ajiyar hukuma. Lalle akwai alheri a nan. Marigayi Bubu Hama, wanda ya shugabanci Majalisar Dokokin Nijar har zuwa 1974, ya tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda su ne tushen sashen da ke kula da su a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, inda ake da kimanin 4,000. Sai dai masu ɗari-ɗari ma suna da hujja. A watan Janairun 2013 an ƙone ko an sace wajen littattafai 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu, alhali mafi yawan na birnin sun tsira ne domin masu su sun fitar da su a asirce zuwa Bamako. Gini shi kaɗai ba ya tsare littafi.

Hikima kuwa abin neman mumini ce ko'ina ya same ta, don haka mu dubi abin da ya faru a Ingila. Tsakanin 1536 da 1541 Sarki Henri na 8 ya rufe gidajen ibadar masu zuhudu na ƙasarsa, littattafansu suka warwatse. Wani babban limamin coci, Matthew Parker, ya bi su yana tarawa, ya haɗa da wasiƙu da takardun zamaninsa. Kafin mutuwarsa a 1575 ya bar su ga kwalejin Corpus Christi ta Jami'ar Kambirij, amma da sharaɗi: a riƙa ƙirga su kowace shekara a gaban wakilan wasu kwalejoji 2, idan kuma aka ɓatar da adadin da ya ƙayyade, to a karɓe su duka a miƙa wa kwaleji ta gaba. Yau kimanin shekara 450 ke nan suna nan, har an ɗauki hotonsu an sa a intanet kyauta. Abin da ya tsare su shi ne lissafi da shaidu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin shi ne wakafi, kuma mazhabar Malikiyya ta halatta wakafin littattafai, ta kuma wajabta kiyaye sharaɗin mai wakafi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Don haka magada su daidaita kada a tsaga littafi ɗaya. A rubuta sunan kowane littafi da yawan warƙoƙinsa a gaban liman da shaidu 2. A fito da su a kakkaɓe kafin damina, a ɗauki hotonsu ko da da wayar hannu ne. In za a ba makaranta ko jami'a, a bayar da rubutaccen sharaɗi, a bar wa gida kwafi. Mafi girma duka, a sami ɗalibin da zai karanta su, domin littafin da ba a buɗewa ya ɓace tun yana cikin adaka.

Da yawa daga masu kwafin nan sukan rufe aikinsu da roƙon duk wanda ya karanta ya yi musu addu'ar gafara. Wanda ya kulle littafin ya tsare musu wannan addu'a, ya kuma yanke musu ladan ilimi mai amfani da suke tsammani a kabari. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon sauke amana, amin.